Gefen Gonar da Aka Bar wa Wuta-wuta

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, mutumin da zan yi magana a kansa kuwa malamin kwaleji ne, ina tsoron in faɗi wani abu ba daidai ba in rage masa daraja. Amma waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa, shi ya sa na daure.

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, samarin ƙauyenmu, can bayan Mairuwa, suka watse aikin hanya da gine-gine a birane. Ɗan ƙodago sai an roƙe shi. A irin wannan damina Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, dawa ta tsiro ke nan. Gandu ya faɗo kaina ni kaɗai. Ƙanena, wanda yake shekarar ƙarshe a kwalejin koyon aikin gona, ya zo zaman makoki. Aka yi sadakar bakwai, 'yan nesa suka watse, shi bai ko taɓa akwatinsa ba.

"Yaya, in na tahi wa za ya kama maka noma?" Abin da ya ce ke nan.

Ban ce masa tafi ba, ban ce zauna ba. In ya tafi, gona za ta fi ƙarfina. In ya zauna, ni ne yayan da ya datse karatun ƙanensa saura kaɗan ya gama. Kullum da wannan nake kwana nake tashi.

Wata rana da hantsi sai ga baƙo a kan babur, laka har gwiwar wandonsa. Ƙanena yana ganinsa ya zube ƙasa. Ashe malamin da kwaleji ta danƙa wa kula da karatunsa ne. Na ruɗe, na tura a aro kujera a gidan hedimasta, kafin a kawo har ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarmar zaure. Ya yi mana ta'aziyya, ya nemi a kai shi ƙofar ɗakin Inna ya gaishe ta a durƙushe. Ina ta jiran ya fara faɗa a kan makaranta. Bai ambace ta ba. Da ya sha fura sai ya ce, "Maigida, ko za a nuna mani gonar marigayi?"

A gona ya tsuguna gindin dawa ya tone ƙasa da yatsa, ya nuna wa ƙanena wuta-wuta da ta fara leƙowa, ciyawar nan mai tsotse dawa ta bar ta a tsumbure. Ya riƙa jefa masa tambaya, yaron yana amsawa, rabi Hausa rabi Turanci. Tun rasuwar ban ji muryarsa ta tashi haka ba.

Sannan ya juyo gare ni. Ya ce kowane ɗalibin shekarar ƙarshe dole ya yi aikin gwaji a gonar kwaleji. Shi zai roƙi manya su yarda wannan ya yi nasa a nan gida, ya taya ni noma har kaka, sannan ya koma ya zauna jarrabawa. Shi kuma zai riƙa zuwa dubawa. Abin da yake nema in ara masu wani gefe na gonar.

Suka kafa turaku suka ja igiya, suka raba gefen. Wani yanki aka zuba taki, wani aka shuka wake a tsakanin dawa, wani ana cire wuta-wuta da hannu. Na ƙarshe kuwa, wanda ke bakin hanyar kasuwa, ya ce a bar shi haka, kada a taɓa, domin da shi za a auna sauran.

Wannan yankin ya hana ni sukuni. Da wuta-wuta ta yi fure, gefen ya yi jawur, duk mai wucewa sai ya waiga. A shekarar da uba ya rasu, 'ya'yansa biyu suna raye, gonarsa ta koma haka! Na riƙa zagayawa ta wata hanya don kada in haɗu da dattawa.

Ranar wata Juma'a muka dawo daga masallaci a Mairuwa, muka biya gona. Yankin nan fes. An tsige wuta-wuta tas an tara a gefe. Makwabcinmu, abokin wasan mahaifinmu, dattijo mai barkwanci, shi ya tara 'ya'yansa da wasu makwabta suka yi mana gayya ba mu sani ba.

"Marayu, kun gani? Ba sai kun yi godiya ba," in ji shi, yana kaɗe hannu. "Ɗan boko ya ɗaure gona da igiya kamar akuya, ya manta da hannunsa."

Ƙanena ya juya ya kama hanya. Da muka isa gida ya ce aikin ya mutu, ba abin da zai auna, ba fuskar da zai kalli Malam da ita. Ya ce dama noma ne rabonsa. Ni kuwa tunanin mutumin da ya sha laka saboda mu, ya je ya roƙi manyansa, shi ya hana ni cin abinci.

Da Malam ya zo na tare shi tun a bakin gari ina ta ba da haƙuri. Ya je ya tsaya a kan yankin ya duba. Sai kawai ya fashe da dariya, har yana dafa turke.

"Ka gaya wa makwabtanka abin da kake yi a nan?" ya tambayi ƙanena.

"A'a, Malam."

"To ni ma ban ce ka gaya masu ba. Mu biyu muka faɗi wannan jarrabawa. Gobe in an tura ka malamin gona, kafin ka kafa turke ka fara zama da mutane. Tashi mu je mu yi godiya."

Gida gida muka bi. Mutumin da ake cewa har ƙasar waje ya yi karatu yana durƙusa wa manoma yana gode masu a kan abin da ya rushe aikinsa. A zauren makwabcinmu ya zauna ya yi bayani dalla-dalla. Dattijon ya riƙe haɓa.

"Au, wuta-wuta kuke nema? Malam, ai da kun yi magana! Tawa gonar da ke jikin tasu, ni da ita mun daɗe da yin sulhu. Ku je ku ɗaure ta, igiyar ma ni zan ba ku."

Haka aka yi. Ƙasa ɗaya ce, irin dawa ɗaya, shuka ma rana ɗaya muka yi. Aka matsar da turaku. Daga ranar dattijon ya zama mai gadin yankin, ko yaro ya miƙa hannu sai ya daka masa tsawa. Malam ya ce wa ƙanena ya rubuta duk abin da ya faru a cikin aikinsa, har da gayyar, kada ya ɓoye. Ya ci gaba da zuwa har aka yanke dawa, wani zuwan a jiƙe sharkaf. Bayan an cika rumbu na raka ƙanena tasha da akwatinsa. Ya ci jarrabawa, ya yi aikin malamin gona a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara har Allah ya karɓi abinsa.

Sai daga baya na ji ƙishin-ƙishin cewa ba duk manyan kwalejin ne suka so wannan tsari ba, wai har an yi wa Malam magana mai zafi. Ban tabbatar ba, ƙanena ma bai sani ba. Ban rubuta sunan Malam a nan ba domin ban nemi izininsa ba. Amma duk wanda ya yi karatu a hannunsa zai gane shi. Ina roƙon wanda ya sani ya sanar da ni ta hannun masu buga wannan: shin zuwansa gonarmu ya jawo masa wata asara a wurin aiki? Yana raye? In kuwa ya riga mu, a wane gari iyalinsa suke?