Kafin Mata Su Yi Shara

Ngatirah ta ɗan girme ni, shi ya sa nake ce mata Yu, wato Yaya, amma aji ɗaya muka zauna a firamaren Kalisat. Tun a lokacin tana da asma. Idan an tashi muka kwasa da gudu zuwa gida, ita takan tsaya a rabin hanya ta dafa gwiwoyinta, ƙirjinta yana fito kamar butar shayi a kan wuta. Ni ce mai komawa in ɗaukar mata jaka. Daga nan abotarmu ta fara, kuma ba ta taɓa yankewa ba.

Karatunmu bai yi nisa ba. Ni na yi aure a nan Kalisat, muna kiwon shanun madara. Ita ta auri Mas Wagimin, wanda ya tafi aikin gonar kwakwar manja a tsallaken teku, sai da Sallah ake ganinsa. Ta reni 'yarta Sumini da sana'ar kayan miya. Kwanduna biyu take ɗaurawa a bayan babur, ta cika su da kabeji, barkono, awara da busasshen kifi, ta bi ƙauyukan gangaren dutse gida gida. Ba ta danna ham. Sunan matar gida take ƙwalawa tun daga bakin hanya, ta haɗa da tsiya: wance, fito, mijinki ya rame.

Dutsen da muke zaune a jikinsa mai aman wuta ne, kuma ba ma kiran sunansa. Mbah muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane tsoho. Ba ma cewa ya yi fushi. Sai dai mu ce Mbah yana tari. Wata shekara ya fara tari ya ƙi dainawa. Abin bai kai a kwashe mu zuwa sansani ba, toka ce kawai, yau ta sauka nan, gobe can. Amma wanda bai zauna da ita ba bai san ta ba. Ba laushi gare ta irin na tokar murhu ba, kaifi gare ta kamar garin gilashi. Ta hau ciyawa, saniya ta ci, cikinta ya kumbura, madara ta janye. Ta faɗa tankin ruwan sama, wanda shi ne kaɗai ruwanmu da rani, ruwan ya ɓaci. Ta shiga idon yara da maƙogwaronsu.

Wata rana aka tara mu a gidan mai gari. Wata ma'aikaciya daga wurin masu lura da dutsen, Mbak Lastri, ta zo da roƙo. Ta ce na'urorinsu suna nuna musu lokacin da toka ta fito, sun kuma san inda iskar sama ta nufa, amma idan tokar ta sauko tsakanin kwaruruka da tuddai, iska tana murɗa ta yadda ba sa iya gani. Sai wanda ta sauka a kansa ya san inda ta sauka. Ta ce duk wanda ya wayi gari da toka ya kafa 'yar rula a cikinta a wuri mai shimfiɗa, ya ɗauki hoto, ya aika da sunan ƙauyensu. Da wannan suke gyara hasashen gobe, su aiko da saƙo ta waya: ƙauye kaza da kaza, ku rufe tankuna, ku yanki ciyawa tun yau.

Saƙon ya yi mana amfani a Kalisat. Amma can sama akwai Tegal Duwur, ƙauye na ƙarshe kafin daji, inda Sumini take aure da jaririnta. Saƙo bai taɓa ambaton sunansa ba. Ngatirah kuwa duk hantsi tana isa can, tana ganin ruwan tankinsu ya yi fari-fari, jikanta yana tari har ya yi amai. Ta tari Mbak Lastri ta tambaye ta dalili. Mbak Lastri ta buɗe waya ta nuna mata abin da mutanen Tegal Duwur suke aikowa: hotunan tsakar gida fes, har da sawun tsintsiya, kowa ya rubuta wai kaɗan ce, alhamdu lillahi. Ta ce ita ma ranta bai kwanta da hakan ba, amma su ma'aikatan ba su da yawa, ba za su iya kwana a kowane ƙauye ba, kuma ba za ta saka zato cikin lissafi ba.

Mutanen Tegal Duwur ba ƙarya suke yi ba. Mace a wajenmu tana idar da sallar Asuba tsintsiya take ɗauka. A ce rana ta fito ta iske tsakar gidanki da datti, wannan abin faɗe ne har gidan iyayenki. Balle kuma a ɗauki hotonsa a aika wa baƙi. Kuma wa zai buɗe baki ya kai ƙarar Mbah wurin hukuma? Abin da ya zubo mana shi ne takin gonakinmu. Sumini ta taɓa gwada barin gefe ɗaya ba shara, uwar mijinta ta ce mata in dai tana gidan nan ba za a tona musu asiri ba.

Ngatirah ta fara da dabara. Ta sayi fayafai ta rarraba wa abokan cinikinta, ta ce su ajiye a waje su kwana, kada kowa ya taɓa sai ta zo. Washegari ta iske an kaɗe su duka an jingine. Mbah Ponirah, wata tsohuwa mai rogo, ta wanke nata tas, ta jera ayaba a kai, ta miƙo mata da hannu biyu.

Ngatirah ta ce, "Mbah, toka na ce ki tara mini, ba ayaba ba."

Tsohuwar ta ce, "Ke 'yar nan, a gidan wa aka rene ki? In mayar miki da faifai babu komai, kuma da datti? Karɓi ki tafi, kina tsaye kina haki kamar agwagwa."

Da ta zo tana ba ni labari mun yi dariya har da hawaye, muka cinye ayabar. Sannan ta ce babu wata hanya sai ta riƙa isa can kafin su ɗauki tsintsiya.

Na san abin da hakan yake nufi. Da hantsi raɓa da sawun mutane sun danne tokar hanya. Da assalatu kuwa tana nan sabuwa, wani lokaci ma tana kan zuba, kuma tayar babur tana tayar da ita kai tsaye zuwa hancin mai tuƙi. Ma'aikaciyar jinya ta asibitin shan magani ta riga ta gaya mata, a gabana, cewa idan ana toka ta zauna a ɗaki ta toshe kafar ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma. Na tuna mata.

Na ce, "Yu, ƙirjin nan naki ba na aro ba ne. Idan ya tsaya babu wani a kasuwa."

Ta ce, "To ke za ki je? Ke da ko keke ba ki iya ba?"

Na ce a sami namiji ya je. Ta ce wane namiji ne zai shiga tsakar gidan wani da asuba ya ce wa matar gida ajiye tsintsiyarki. Ita kaɗai ce kowace ƙofa ta saba da muryarta. 

Haka ta koma yin sallar Asuba a ɗakin Sumini. Tana sallamewa sai ta bi gidajen da ke kan tudu da na cikin kwari, da rula a aljihu. Matan suka sa mata suna duba-gari. Tana tahowa za ka ji ana cewa ga duba-gari nan, a ɓoye kunya. Wasu sukan jingine tsintsiya su juya baya har ta gama, kamar ana yi musu allura. Wasu sukan yi sauri su share kafin ta iso, ta bi su da tsiya ta ce yau babu gyara a barkono. Mbak Lastri ta ce mata sharar da ta ɓoye tokar ita ce kuma ta sa awonta ya fi na kowa kyau, don abin da ke tsakar gidan na dare ɗaya ne cif, babu na jiya a ciki.

Sannu a hankali sunan Tegal Duwur ya fara fitowa a saƙo. Ashe akwai wani kwari da ke zuƙo iska ya juye musu tokar da ake zaton ta yi yamma. Suka fara rufe tankuna da leda tun da yamma, maza suna tara ciyawar gobe a rumfa. Tarin jaririn ya lafa.

Nata kuwa ya ƙaru. Ta daina ƙwala sunaye daga bakin hanya, sai ta tsaya ta jira a gan ta. Idan tana magana takan yanke a tsakiya ta nemo numfashi. Maganin asmarta na shaƙa da take daɗewa da shi ya koma yana ƙarewa nan da nan. Mbak Lastri ta kawo mata takunkumi mai kyau, ta kuma ce mata da bakinta ta huta haka nan, abin da aka samu ya isa. Takunkumin yana hana toka, amma yana hana ta iska a hawan tudu, sai ta janye shi zuwa haɓa. Hutun kuma ta ce sai damina ta sauka, don iska tana gab da juyawa, idan ta juya ba a san inda kwarin zai kai tokar ba.

Na yi fushi da ita, na daina fitowa sayen kayanta. Sai ta riƙa rataye mini ƙullin awara a ƙyauren gida ta wuce. Ban jure ba, na koma.

Wata safiya ba ta isa gidajen ba. Masu zuwa yankan ciyawa suka iske ta zaune a gefen hanya, ta kafe babur da kyau don kada kwandunan su zube, leɓɓanta sun yi shuɗi. A motar ɗaukar madara aka sauko da ita asibitin birni.

Na zauna a wurinta. An sa mata robar numfashi, tana jan iska da kafaɗunta. Likita ya kira Sumini gefe, na ga yarinyar ta dafa bango. Mas Wagimin yana cikin jirgin ruwa, bai iso ba. Can da la'asar ta janye robar ta yafito ni. Na zaci wasiyya za ta yi.

Ta ce, "Parmi, kin yi kuka kin ƙara muni."

Na ce, "Ke ma ba kyau kika yi ba, Yu."

Ta so ta yi dariya, tari ya hana ta. Na mayar mata da robar, na riƙe hannunta. Ba ta sake magana ba. Kafin magariba ta cika.

Na rasa wanda zan ji haushi. Mbak Lastri ta hana ta. Matan Tegal Duwur sun sauko gaba ɗayansu a ƙafa, Mbah Ponirah tana dogara sanda tana kuka kamar ita ta haife ta. Mbah na sama kuwa ba a jin haushinsa.

Ni da Sumini da wata dattijuwa muka yi mata wanka a bayan ɗakinta. Ni na karɓi kai. Na warware mata gashi, na zuba ruwa a hankali, ina tare goshinta da tafin hannu don kada ya shiga idonta. Ruwan da ya gangaro ƙasa fari-fari ne. Na sake zubawa, ya sake fitowa haka. Tokar tana cikin tushen gashin, tana bayan kunnuwanta, tana cikin ƙananan layukan wuyanta. Dattijuwar ta ce ya isa, mutane suna jira a waje. Na ce ta ƙara mini bokiti ɗaya. Na ci gaba da cuɗa gashin da yatsuna har sai da ruwan ya fito garau, sannan na bari aka kawo likkafani.