Taƙi Ɗaya Tsakaninsa da Wayar Mutane

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana aski a shago guda: kujera ɗaya mai juyawa, benci, madubi mai tsaga a kusurwa. 'Yan layin suna kiransa Baba Sannu, domin bai taɓa yi wa kan mutum gaggawa ba.

Bara ya yanke jiki ya faɗi yana share gashi. A asibiti aka ce zuciyarsa tana jinkirin bugawa, aka dasa masa wata ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fata, ƙasan ƙashin wuyansa na hagu, wadda ke zaburar da zuciyar idan ta yi sanyi. Shi batiri yake ce mata. Ranar sallama aka ba shi takardar gargaɗi. Layi ɗaya ya riƙe a ciki: kada wayar hannu ta matso kusa da na'urar ƙasa da santimita goma sha biyar. Kada ya sa ta a aljihun ƙirji, ya riƙa amsa kira da kunnen dama.

Matarsa ta ɗauki allura ta ɗinke aljihun hagu na duk rigunansa. Tasa wayar ta koma aljihun wando. Ya auna tazarar da hannunsa, ya ga ba ta ma cika taƙi ɗaya ba, hankalinsa ya kwanta.

Sai da ya koma aiki ya lura da abin da takardar ba ta faɗa ba. Mai aski da ƙirjinsa yake aiki. Idan ya sunkuya gyaran gefen kunne, ƙirjin nan yana daf da kan mutum, kuma kowa da waya a hannu.

A mako na biyu Dogo, direban da ya shekara ashirin yana aski a wurinsa, yana kan kujera wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga ta ya kara a kunne, kusan ta taɓa rigar Baba Sannu. Tsohon ya ji ƙirjinsa ya buga da ƙarfi sau biyu. Hannunsa ya goce, kilifa ta buɗe hanya a tsakiyar kan Dogo. Baba Sannu ya ja da baya har ya ture kwalbar turare, ya zauna a benci, ya dafe wuyan hannunsa yana ƙirga bugun.

"Baba, titi ka shimfiɗa mini a ka?" in ji Dogo yana leƙen madubi. Da ya waiwaya ya ga fuskarsa, ya daina dariya. "Lafiya? In kai ka asibiti?"

"Kashe abin nan tukuna."

Washegari ya rataye kwando a bakin ƙofa, ya ce duk mai son aski ya ajiye wayarsa a ciki. Wasu suka ajiye suna gunaguni. Wani ɗan kasuwa ya ce ko a banki ba a raba shi da wayarsa, ya juya. Matasa suka koma sabon shagon da ke bayan layi. Wata rana tun safe har la'asar kai uku kawai ya aske.

Tsoron bai tsaya a shago ba. Ya daina shiga motar haya, domin a cunkoso bai san abin da ke aljihun na kusa da shi ba. Yana tafiya a ƙafa, hannun dama a kan ƙirji. Ko ƙarar waya ya ji daga shagon tela, sai ya tsaya cak ya saurari jikinsa.

"Malam, ko ka rufe shagon nan ko ka je asibiti ka tambaya," matarsa ta ce. "Ka rame kamar tsinken tsintsiya. Batirin ma zai rasa inda zai zauna."

Ya riga ya fara tunanin wanda zai bar wa kujerar.

Ranar duba na'urar, ma'aikaciyar asibiti ta ɗora wani faifai a ƙirjinsa, rubutu ya fito a allon kwamfuta. Ta ce na'urar tana ajiye tarihin abin da ya faru da ita. Ya faɗa mata ranar da Dogo ya amsa waya, har da lokacin. Ta nema ta samu.

"Ga shi nan, Baba. Zuciyarka ta yi gudu na ɗan lokaci, amma da kanta ta yi. Ban ga alamar wani abu ya dagula na'urar ba."

"To me ya buga ni?"

"Ina jin firgita ce."

Ta ce gargaɗin gaskiya ne, kada ya yi wasa da shi. Amma ƙarfin da waya ke fitarwa yana raguwa sosai da an ɗan matsa, kuma ko ta dagula na'urar, da ya ja baya abin yake wucewa. Ta ƙara da cewa ita ma kilifar kada ya riƙa jingina ta a ƙirji. In ya ji jiri, ya zauna, sannan ya zo asibiti.

Ya sauke kwandon. Yanzu yana tsayawa ta yadda kafaɗarsa ta dama ce ke fuskantar kan mutum, abin da ya ɗauke shi wata guda kafin hannunsa ya saba. Wasu daga cikin waɗanda suka gudu sun dawo, wasu ba su dawo ba.

Dogo ya dawo bayan gashinsa ya cike titin. Ana tsakiyar aski wayarsa ta yi ƙara. Ya dubi tsohon ta madubi.

"In ɗauka, Baba?"

Baba Sannu ya kashe kilifa, ya ja da baya taku ɗaya. Yatsunsa biyu suka tafi wuyan hannunsa da kansu.

"Ɗauka. Amma ka taƙaita, matarka ce, na san ta."

Ya tsaya yana ƙirgawa a zuci har Dogo ya gama, sannan ya matso ya ci gaba daga inda ya tsaya.