Babban Yatsan Yaya Bala da Kaftanin Aurena

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Bala Tela, kuma har yau in na bi ta layin teloli a kasuwar Suleja sai na waiga shagonsa, ko da yake yanzu cajin waya ake yi a ciki. Mutane suna tuna shi da kyawun ɗinki. Ni kuwa babban yatsansa na dama na fi tunawa.

Yaya bai yarda da tef ɗin awo ba. Yana da shi, amma a ƙusa yake rataye, duk ya yi ƙura. Kallonka kawai zai yi daga kafaɗa zuwa idon sawu, ya ce ka dawo Alhamis, kuma ba ya kuskure. Wannan idon ne ya ja mana.

Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya kuma rantse ba telan da zai taɓa shaddar aurena sai shi. Saura kwana shida ɗaurin aure, ko yanka ta bai yi ba, sai rawar kai ta sa na ɗauke shi zuwa Abuja, inda nake aiki, wai in nuna masa duniya. Na kai shi wurin bolin, wasan nan da ake gangara ƙwallo mai nauyi ta kaɗe sanduna goma. Kowace ƙwallo tana da ramuka uku na sa yatsu, kuma girmansu ba ɗaya ba ne.

Yaya ya ƙare wa ƙwallayen kallo, ya ɗauki wata koriya. Matar da ke kula da wurin ta ce, "Oga, wannan ba sayis ɗinka ba ce. A gwada tukuna." Ta bayyana mana cewa babban yatsa ya kamata ya shige duka ya fito salin-alin. In ramin ya matse zai murje yatsan, in ya yi faɗi kuma mutum zai yi ta damƙa har ya ji ciwo.

"Baiwar Allah," in ji Yaya, "shekara ashirin ina auna mutane da ido. Ƙwallo ce za ta gagare ni?"

Ta kuwa gagare shi. Duk jifa sai ta riƙe yatsan kamar ba za su rabu ba, sannan ta sake shi da ƙara irin ta buɗe kwalbar lemo. Ya ƙi canzawa, don matar tana kallo. Kafin mu wuce Madalla a hanyar dawowa yatsan ya kumbura suntum, jini ya kwanta ƙarƙashin farcen ya yi baƙi ƙirin.

Washegari ya ɗauki almakashi, yatsa ya ƙi shiga zoben. Aka sa ƙanƙara, aka shafa man zafi, har Laraba ba labari. Na ce mu kai wa maƙwabcinsa ya yanka mana. Ya ce gara in ɗaura aure da zanin gado da telolin layi su ji ƙwallon wasa ta kwantar da shi.

Ƙarshenta ya rufe shago, ya zana da alli, ya miƙo mini almakashin. Ni ango da kaina na yanka kaftanina, Yaya na tsaye a kaina yana salati. Ya ɗinke shi da yatsu huɗu. Hannun kaftanin na hagu ya fi na dama tsawo da kusan taƙi guda. A wurin ɗaurin aure duk wanda ya ƙura ido sai Yaya ya ce masa sabon yayi ne daga Abuja. Mutum biyu sun zo shago neman irinsa. Daga ranar, in mun yi faɗa sai ya ce, "Wasiyyata ɗaya ce: kada a bari wannan ya yanka mini likkafani."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da ake tura wa tela awo ta waya ba tare da ya taɓa ganin kafaɗar mutum ba. Me zai ce kuma da ya gan ni a sallar bana, da yarana suka ja ni wurin bolin, na gwada ƙwallo biyar kafin na zaɓi ɗaya? Na san dariya zai yi ya kira ni matsoraci. Wallahi ina kewar wannan dariyar.

Bai bar gida ko mota ba. Ya bar keken ɗinki, da almakashi, da kaftanin da har yau nake sawa ina naɗe hannu ɗaya, da ƙanin da ya zama mutum a hannunsa.

Ranar da ya rasu telolin layin duk sun zo, aka shimfiɗa farin yadi, amma kowa ya kasa ɗaukar almakashin Yaya. Ni aka miƙo wa. Na saɓa wasiyyarka, Yaya, ka yafe mini. Amma na ciro tef ɗin nan daga ƙusa, na kakkaɓe ƙurar, na auna sau biyu, kuma wannan karon ya yi maka daidai. Allah Ya jiƙanka da rahama.