Tabon Mai a Bayan Lamba Biyar

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karantar ilimin halayyar ɗan Adam, ina zaune gidan yayana a Suleja. Yarinya ce ni mai rawar kai, gani nake duk abin da ya hau takarda ya zama gaskiya. Binciken kammala karatuna a kan masu sammakon zuwa aiki Abuja ne: shin yawan awannin da mutum ke yi a hanya yana ƙara masa damuwa? Awanni dai agogo ke auna su. Damuwa kuwa sai da ma'aunin ɗaya zuwa biyar, ɗaya na nufin babu ko kaɗan, biyar na nufin kullum. Malamin da ke duba aikina ya sha gaya mana cewa waɗannan lambobi jeri ne kawai, ba mudu ba ne, tazarar biyu da uku ba lallai ta yi daidai da ta huɗu da biyar ba. Na haddace na ci jarrabawa, amma ta bayan kunnena maganar ta bi. Ya kuma kafa mana doka a kan tambayar ƙarshe, wadda ke cewa sau nawa mutum ke jin rayuwa ta ishe shi: duk wanda ya zaɓi biyar, a sanar da malam a ranar, a raka mutumin wajen likita.

Wata Asabar da la'asar, saura kwana uku in miƙa aikin, na shiga unguwar Chaza neman cike ragowar takarduna. Na tarar da wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna tana suyar ƙosai a ƙofar ɗakinta na haya. Shara take yi a wani ofis a Abuja, suyar ta ranar hutu ce. Ta ba ni kujera, ta turo min ƙosai a faranti, tana tsokanata wai 'yan boko har baƙin ciki sun yi wa lamba. Idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, don haka ni nake karantawa ina cikewa. Ana cikin haka ta faɗa min cewa ɗanta ɗaya tilo mota ta kaɗe shi a Diko ya rasu, tun daga nan barci ya ƙaurace mata. Na ce Allah ya ba ta haƙuri, idona na kan takarda, don babu gurbin wannan a cikinta.

Da muka zo tambayar ƙarshe sai ta ajiye matsamin ƙosai, ta jawo takardar gabanta.

"Yarinya na, biyar shi ne last?"

Na ce, "E, Mama, shi ne ƙarshe."

Ta ɗora yatsarta mai maiƙo can bayan biyar, a farin gefen takarda inda babu komai. Ta ce, "To, ni ina nan."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na gane sarai. Amma na hango kiran malam, da zaryar asibiti, da kwana ukun da suka rage min. Na ce wa kaina tsofaffi akwai son a tausaya musu, kuma mai zolaya irin wannan ai ba za ta yi wa kanta komai ba. Na zagaye uku. Har na lallashi zuciyata da cewa daga biyar zuwa uku taki biyu ne kacal. Na cinye ƙosanta, na yi godiya, na tafi.

Aikina ya yi kyau, har malam ya yaba da tsaftar sakamakon. Bayan wata biyu zuciyata ta ƙi kwanciya, na koma Chaza. Wani labule daban na tarar a ƙofar ɗakinta. Maƙwabciyarta ta ce wata safiya ta kawo mata kaskon suyarta a wanke, ta ce ta riƙe, ta fita kamar za ta aiki. Ofis ba su gan ta ba. 'Yan cocinsu sun nema har garinsu, babu labari. Har yau ban san ko tana raye ba, kuma ban taɓa gaya wa malam ba. Wannan ne karon farko da na buɗe baki.

Yanzu na san abin da malam ke nufi. Taki biyun da na rage, mai yiwuwa ran mutum ne a cikinsu. Ku ɗalibai da ma'aikatan da ke yawo da takardun tambayoyi, ku ji tsoron Allah. Lamba ta mai amsa ce, ba taku ba. Idan mutum ya nuna muku ma'auninku ya yi masa kaɗan, ku ajiye biro ku saurare shi, aikin ya jira.

Takardar tana nan cikin akwatina, na kasa ƙona ta. Mai ba ya zama wuri ɗaya a takarda. A 'yan shekarun nan tabon ya bazu ya rufe biyar, ya ci huɗu. Da na duba ta kwanan baya, ya fara taɓa ukun da na zagaye da hannuna.