Ƙugiyoyin Waƙar Kaka

Kukan modem nake fara ji duk lokacin da na tuna ranar, wata ƙara siririya kamar ta ɗan akuya da ya ɓace wa uwarsa, sai warin fetur na kwalba da ke shigowa ta taga daga bakin titi. Shekarun baya ne sosai, a Ƙonni, ina gida hutun jami'a.

Kawunmu mai motoci ya buɗe siba, wato shagon shiga intanet, ya ɗora yayana a kai. Ni kaɗai ce mace da ke zama a can. Mahaifiyata ta yarda ne kawai don shagon na gida ne, kuma idon yayana yana kaina. Wata siba kuwa, ko ƙofarta ban isa in leƙa ba. Abin da ke kai ni shi ne wani zaure a intanet na masu rubuta waƙa da Hausa, mutanen Sakkwato da Kano da Damagaram da ban taɓa gani ba. A gida ana ce mini mai mafarki da ido biyu. A zauren nan ne kawai ake karanta abin da na rubuta har a ba ni amsa.

A shekarar kakata ta rasu. Mutuniyar Badaguishiri ce, rayuwarta duka a lambun albasa ta yi ta. Na yi mata waƙa, na zauna na tsinto ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ɗaya bayan ɗaya daga cikin haruffan musamman, na dasa kowanne a gurbinsa kamar yadda take dasa iri. Amma da na zuba waƙar a zauren, sai kowane harafi mai ƙugiya ya koma ɗan akwati fanko. Nabigatar ɗin da ke kan injinan kwamfuta na shagon, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ba ta nuna su.

Na kira yayana. Ya leƙo, ya ɗaga kafaɗa.

"To mi a ciki? Sa k da d kamar kowa. Ai ana ganewa."

Na nuna masa baitin da na fi so: Kaka ta rungumi ƙasa. Na ce, "Yaya, in na cire ƙugiyar, kasa ta runguma. Macijiya."

"Wa zai ce tsohuwa ta rungumi macijiya? Ke dai kina son wahala."

Gaskiyarsa ce, ba wanda zai ce. Amma na kasa. Na rufe shafin na tafi gida da waƙata.

Ana nan sai wata abokiyata ta zo daga Yamai, ta kawo mini wata sabuwar nabigatar a kile, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Ta ce ba ta daɗe da fitowa ba, kyauta ce, kuma a cikinta haruffanmu suna fitowa da ƙugiyoyinsu. Na riƙe ɗan abin nan a tafin hannu kamar an ba ni turare.

Na so in saka ta a ɓoye lokacin da yayana ya fita cin abinci. Har na tsara. Sai na ji ba na son waƙar kakata ta bi ta ƙofar baya. Na same shi a teburinsa, shagon cike da samari, na faɗa masa abin da nake so.

"A'a," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Injinan Kawu na. Ki sa muna birus ya lalata su, ni za a tuhuma."

"Ba birus ba ce. In na gama ka cire ta."

"Na ce a'a. Ki rubuta k."

Ni da ko ciniki a kasuwa ban iya ba, sai na ji bakina ya ce, "Na ƙi."

Wani daga cikin samarin ya ce, "Kai! Yau malama ta yi magana." Aka kwashe da dariya. Dariyar ce ta ɓata komai, don yayana ba ya son a yi masa ita a gaban mutane. Ya miƙe.

"Ji nan, ƙanwata. Kika soka abin ga cikin injin, kin gama zama shagon ga. Wallahi ba wasa ni kai ba."

Na san ba wasa yake ba. Na san kuma abin da hakan ke nufi: babu zaure, babu amsa, har hutu ya ƙare. Sau biyu ina juya kile ɗin kafin ya shiga. Jarumar taku ke nan.

Yayana yana tsaye a bayana, ya harɗe hannu. Bai fizge ba, bai kashe injin ba, kuma har yau ina riƙe masa wannan a zuciya. Layin shigarwa ya ja jiki a hankali har ya cika. Na buɗe sabuwar nabigatar, na shiga zauren, na zuba waƙar.

Ga su nan. Ƙ da ɗan lanƙwasonta a ka, ɗ ta sunkuya, ɓ kamar mace ta yafa gyale. Kaka ta rungumi ƙasa, ƙasar kwarin da ta sha ruwan hannunta. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na danna aikawa.

"Kin gama?" in ji yayana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na gama."

"To tashi."

Na tashi. Kafin in kai ƙofa ya fara cire sabuwar nabigatar.

A gida mahaifiyata ta saurare mu duka biyu tana tsince shinkafa. Ta ce, "Ke, yayanki na. Tai ki ba shi haƙuri ki koma ma karatunki." Na ce, "Inna, zan ba shi haƙurin dariyar da aka yi masa, don ban so ba. Amma in sai na ce na yi kuskure zan koma, na haƙura da shagon." Ta dube ni ta ce duk taurin kan tsohuwar ni ta bar wa. Na je na ba shi haƙurin da na ce, ya karɓa, muka ci tuwo tare. Bai ce in dawo ba, ni ma ban roƙa ba. Sauran hutun a tsakar gida na yi shi, ina tunanin ko an karanta, ko an ce wani abu.

Yau a waya ma ana samun haruffan nan, yara suna latsa su ba tare da sun san an taɓa korar wata a kansu ba. Ni da yayana mukan yi dariyar abin. Har yanzu yana cewa da k ma da an gane, ni kuma har yanzu ina cewa ba ganewa ce damuwata ba. Matar da ba ta taɓa barin kunya ɗaya a karkace ba, ban ga dalilin da zan aika ta duniya da guntayen haruffa ba. Da za a mayar da ni shagon, zan sake soka kile ɗin, ko da sai na sake juya shi sau biyu.

Bayan shekaru masu yawa, a wani taron marubuta a Sakkwato, na haɗu da wata dattijuwa da muke zauren tare. Da ta gane ni sai ta kama hannuna ta karanto baitin da ka, ƙ ɗinta tana fita tsaf. Na ba ta labarin abin da ƙugiyoyin suka ja mini. Sai ta ce, "Ƴata, ai mu tsohuwar manhajar muke da ita a lokacin. Akwatuna muka gani daga farko har ƙarshe, da baki muka cike su." Ashe a duk zauren, ni kaɗai na ga waƙar da ƙugiyoyinta.