Ɗan da Sista Ta Shayar a Challawa

Ana idar da sallar asuba muka bar Sharada ranar Asabar, ni da abokiyar aikina a ɗakin shan maganin masaƙarmu, wata nas 'yar ƙasar Filifin da muke kira Sista. Shayarwa take yi, ta bar jaririyarta wajen mijinta. Katan guda na madarar gari muka ɗauka zuwa wani ƙauye a bayan Challawa, don leburorinmu sun ce yunwa ta ƙafar wa matansu da nono.

Kwandasta ya cusa mu a wata kwaraɓaɓɓiyar bas kamar buhunan gyaɗa. A ƙofar masana'antu an kasa ƙosai, kowanne bai fi gurjiya ba, kuma babu mai saye, don an sallami rabin ma'aikata.

Tun kafin mu sauka warin majemun fata ya tare mu. Ruwan jima baƙi ƙirin yana gangarawa kogi, lambunan alayyafo duk sun ƙone. Sista ta tsuguna ta damƙi ƙasar, ta ce da gurguwar Hausarta, "Allah ya yi ƙasa kamar uwa. In an ba ta guba, mace ce take fara ji a jikinta. A garinmu ma haka."

A gidan farko muka tarar da wata mai goyo, ƙirji ya shafe, yaron ko kuka ba ya iyawa. Na miƙa gwangwanin madara ina jin na yi abin kirki. Kakar yaron ta ce, "Da wane ruwa za a dama, 'yar nan?" Ta buɗe randa. Ruwan rijiyarsu ne, ja-ja, yana warin fata. Wallahi kunya ta kashe ni. Ni da nake taƙama da aikin asibiti, ban tuna da ruwa ba!

Sista ta zauna a tabarma, ta buɗe rigarta, ta sa wa yaron nono. Ya kama da ƙyar. Tsohuwar ta ce, "Shi ke nan, ya zama ɗanki. Babu aure tsakaninsa da 'yarki." Sista ta yi dariya, hawaye na zuba.

Mun dawo Sharada kafin magariba, na riga na gane gwangwani ba ya maganin yunwar da ta fito daga ƙasa.

Ranar Talata uban yaron ya zo ƙofar masaƙa, hula a hannu. Ya ce yaron ya koma jiya, tsohuwa ta ce lallai a sanar da uwarsa ta biyu. Sista ta zauna a ƙasa, muka jeru muna yi mata gaisuwa.