Baba Samowa da Zanen da Ba a Ƙarasa Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Samowa ya rasu.

Da safen nan ina ɗaga ƙofar shago a Balad, nan Jidda, 'yarsa Maryam ta kira ni. "Kawu Sale, Baba ya cika." Iyakar abin da ta iya faɗa da Hausa ke nan, sauran kuka ne da Larabci.

Kafin in ci gaba, dole in jinjina wa malaman group ɗinmu na 'yan kasuwa. Masha Allah, ilimi ya yalwata. Ƙarfe tara na saka sanarwa, kafin tara da kwata an samu fatawa huɗu a kan ko wanka yana kama jikin mai tatu, wato zanen tawada a fata irin na Baba. Har mai sayar da caja ya kawo hujja. Wani bawan Allah ya tono hoton umararmu, ya zagaye bayan mamacin da jan layi, don kada wani ya kasa gani. Allah Ya ƙara basira. "Allah Ya jiƙansa" kuwa sai can ƙasa na tsinto ta.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa Yusufu. Mutumin tsibirin Samowa ne, can tsakiyar teku, inda ko a taswira sai ka matso da ido. Aikin jirgin ruwa ya kawo shi Jidda tun ba a haifi yawancinku ba. Ya musulunta, ya auri Khala Zainabu, 'yar Hausawan unguwar Sharafiyya, Allah Ya jiƙanta. A bakinta ya koyi Hausa, shi ya sa ƙato guda in ya yi tuntuɓe sai ka ji "wayyo ni 'yasu!" kamar tsohuwa.

Gadin sito yake yi a unguwar Khumra.

Shekarar da na zo, ba takardar iƙama ba kowa, shi ya ɗauko mini katan-katan na darduma a kafaɗa tun daga bakin titi har shago, ya ƙi karɓar ko shayi. Duk Juma'a sai ya kawo mini kifi da kwakwa a 'yar kula. Kullum yana cewa kifin Bahar Maliya ba shi da tarbiyya, kullum kuma yana ci.

Ranar da muka ɗaura harami tare na fara ganin zanen. Baƙi ƙirin, daga tsakiyar baya ya gangara ya shige ƙarƙashin gyauto. Bakina ba ya shiru, na ce, "Baba, wa ya yi maka rubutun allo a baya?"

Ya dubi askar Gobir da ke kumatuna ya ce, "Ya Sale, kai a fuska aka rubuta maka, kuma ba a tambaye ka ba."

Bai taɓa ɓoye labarin ba. Duk wanda ya zauna zai ba shi. Mutane ne ba sa zama.

Ya ce a garinsu ba ado ba ne. Ƙashi ake fiƙewa kamar haƙoran mataji, a ɗaura a sanda, a tsoma a baƙin tawada, a riƙa bugawa cikin fata, kwana da kwanaki, daga baya har gwiwa. Maza na danne ka, mata na gefe suna waƙa don kada a ji kukanka. Faffaɗan zanen da ke saman bayansa kwalekwale ne, wato dangin da za ka ɗauka. Masu tsinin nan kan mashi ne. Inda kuma aka cike da baƙi tas, ya ce nan ba a zana komai ba sai zafin kansa, don wanda ya gani ya san abin da ka iya haɗiyewa.

Kuma ba a kwanciya mutum ɗaya. Sai da abokin shan wuya. Nasa ƙaninsa ne, tabarma kusa da tabarma.

A kwana na biyar ciwon ƙanin ya rure, zazzaɓi ya tafi da shi. Baba ya tashi daga tabarmar, bai sake kwanciya ba. Cinya ɗaya an gama, ɗaya fara fat. A can kuwa ba abin kunya kamar zanen da aka bari a rabi, har gidanku sai an goranta wa. Sai ya hau jirgi.

"Suka ce zafi na guje wa," in ji shi. "Sahih, zafi ne. Amma ba na ƙashin ba."

Can matsoraci ne don bai ƙarasa ba, nan mai laifi ne don ya fara. A haka ya tsufa a tsakaninmu.

Juma'ar da ta wuce kifi bai zo ba, sai na bi shi Khumra. Na tarar ya rame, zanen ya yi masa yawa kamar rigar aro. Ya ce a asibiti wani ma'aikaci ya ɗaga masa riga, ya kira abokansa su zo kallo. Ya kama hannuna.

"In na mutu kai za ka wanke ni. Kai ka riga ka gani, ka yi dariyarka ka gama."

Na ce, "Haba Baba, ni da ko yankan ragon layya juya baya nake?"

Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Na faɗa."

Na ce to, don kawai ya saki hannuna. Wallahi na ɗauka akwai sauran lokaci.

Na je wajen limamin unguwarsu ɗazu. Bai ɗauki minti ɗaya ba. Ya ce abin da aka yi kafin shahada shahada ta shafe shi, a wanke shi kamar kowane Musulmi. A ɗakin wankan an yarda mutum biyu daga danginsa su shiga tare da mai wankan. Ba shi da ɗa namiji, ba shi da ɗan'uwa a ƙasar nan. Maryam ba za ta shiga ba.

Sai dai mu tsaya a madadinsu. Ni ne na ɗaya. Ban taɓa taɓa gawa ba, amma zan shiga.

Wanka bayan Azahar, sallah bayan La'asar a masallacin kusa da sitonsu.

Ya Allah, ga bawanKa Yusufu, ya zo maka daga nesa. Ka gafarta masa, Ka sanyaya masa kabari, Ka sa wuyar da ya sha ta zama kaffara. Ka ba Maryam haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a ko da sau ɗaya ne.

Saura mutum na biyu. Ga ku nan kusan ɗari a group, duka online. Wa zai zo ya riƙe mini buta?